Kondansata tara da abin da suka koya mini

A shekarata ta biyu ina koyon gyaran kwamfuta a shagon maigidana, kusa da babbar kasuwar Maraɗi, wani malami mai wurin buga takardu ya kawo mana tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, ya ce tana ɗaukewa da kanta ana cikin aiki, musamman idan rana ta take. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40. Da na buɗe akwatin na kakkaɓe ƙurar hunturu da ta daskare a ciki, sai na ga kondansata tara, wato ƙananan gwangwanayen da ke adana wuta suna daidaita ta, waɗanda 'yan Kano ke kira kafasita, sun kumbura a kan babban katin da muke ce wa kart mer, biyu daga cikinsu har sun tsage sun yi tsatsa. Ciwon sananne ne, domin kwamfutoci da yawa na farkon shekarun 2000 sun fito da kondansata masu gurɓataccen ruwa a ciki, kuma irinsu ne suka fi isowa gare mu a gwanjo. Zafin ƙasarmu kuma yana ƙara musu, tunda duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin rayuwar kondansata.

Ganin haka na ɗauka na gama gano matsalar. Na karanta abin da ke jikinsu, maikurofarad 1500 da bolt 6.3, na sayo masu lamba iri ɗaya wajen mai kayan rediyo, na cire tsofaffin na dasa sababbin, har na yi wa malamin alkawarin gobe da la'asar. Da na danna maɓalli, fanka ta juya kamar daƙiƙa ɗaya ta tsaya. Injin da aka kawo yana tashi, ga shi yanzu ko motsin kirki ba ya yi.

Yini guda na ɓata ina zargin abubuwan da ban taɓa ba. Na sauya ram, wato katin da ke riƙe bayanan aikin da injin ke yi a lokacin, na sauya ɗan batirin nan mai bolt 3, na cire faifan ajiya, duk a banza. Da maraice maigida ya tambaye ni: "Kafin ka sa mata hannu tana tashi?" Na ce, "Tana tashi, Maigida." Ya ce, "To, ka fara nema inda hannunka ya bi." Ya nuna mini cewa fanka da ke juyawa ta tsaya nan take alama ce ta akwatin wuta yana kare kansa, saboda wani wuri layin wuta ya haɗu da layin da ake kira ƙasa, wato wanda wuta ke komawa ta cikinsa. Ya sa na cire furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kafin in ɗora mitar awon wuta, domin idan tana ciki, layinta kan nuna ƙaramin awo ko da lafiya lau yake, sai ya ruɗi mai gyara. A bayan katin na tarar da ɗigon dalma, bai kai ƙwayar gero ba, ya haɗa ƙafar kondansata da layin da ke gefenta.

Na share shi, na mayar da furosesa, fanka ta ci gaba da juyawa, amma allo ya ƙi nuna komai. Wannan ne ya fi ba ni wahala, kuma shi ne ya fi amfanata. Da na cire ram na kunna, injin ya yi ƙara, wanda ya nuna furosesa na da rai. Da na auna wutar da ke zuwa gurbin ram kuwa, maimakon bolt 2.5 da irin wannan ram ke bukata, ban sami komai ba. Ashe babban katin ba kamar katin rediyo yake ba, hawa-hawa ne, huɗu ko fiye, kuma akwai faffadan jan ƙarfe a tsakiya da ke shanye zafi. Ƙarfen narka dalmana mai wat 30 bai iya narkar da dalmar har ciki ba, ni kuma da ƙafar tsohuwar kondansata ta ƙi fita sai na fizge ta. Fizgar ta yage siririn jan ƙarfen da ya lulluɓe cikin ramin, wanda shi ne ke sada layin sama da na ƙasa. Daga waje dalmar na sheƙi, ido ba zai taɓa ganin aibu ba, mita kaɗai ta tona asirin. Maigida ya ɗaura siririyar waya ta maye gurbin hanyar da ta yanke, allo ya haska.

Da ni kaɗai ne, da a nan na kira malamin. Maigida ya ce a bar ta tana aiki, kuma kafin awa ɗaya ta sandare. Na kashe na taɓa sababbin kondansatan na ji sun ɗau zafi. Lambobin da na kwafa daidai suke, sai dai na bar abu biyu: tsofaffin masu jure zafin digiri 105 ne, nawa na 85, sannan na kewayen furosesa dole su zama masu ƙarancin turjiya a ciki, domin wutar wurin tana yankewa tana dawowa sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa. Na rediyo ba a yi su don wannan aikin ba. Muka ba da saƙo aka kawo na ainihi daga Kano, na sake aikin da ƙarfen maigida mai ƙarfi, bayan na ɗauki hoton katin don kada in juya wata ƙafa, tunda kondansata na da ƙafar ƙari (+) da ta ragi (-), kuma ba kowane kamfani ne ke yi wa ɓangaren ragi alama iri ɗaya ba.

Kafin mu rufe akwatin, maigida ya buɗe akwatin wutar da kansa, bai bar ni ba, saboda manyan kondansatan ciki na iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare waya. A can ma biyu sun kumbura, kuma da mun bar su, da sun lalata sababbin da muka dasa.

Sai bayan kwana shida malamin ya karɓi injinsa. Na gaya masa gaskiya cewa rabin jinkirin daga hannuna ne, na ba shi haƙuri, na kuma roƙe shi ya ɗauke kwamfutar daga ƙasa ya ɗora ta a tebur inda iska ke ratsawa, ya riƙa kawo ta muna hure mata ƙura duk ƙarshen hunturu.