Godiya Bayan Aikin Gwiwata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, yau dai na samu sukunin zama in rubuto muku, watanni bayan an yi mini aikin sauya gwiwar dama. Da yawanku kun kira ban ɗauka ba, wasu saƙonninku har yanzu ban amsa ba. Ku yi mini afuwa, jiki ne ya hana. Yanzu na ajiye sanda, ina hawa matakala da ƙafafuna, ciwon da ya daɗe yana raba ni da barci kuma ya tafi.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga likitan ƙashi ne da abokan aikinsa. Tun kafin ranar tiyata ya zaunar da ni, ya nuna mini hoton ƙashina. Guringuntsin gwiwar ya cinye, musamman ta gefen ciki, ƙashi yana gugar ƙashi, shi ya sa ƙafar ta lanƙwashe kamar baka. Ya ce ba yanke gwiwa ake yi a jefar ba yadda mutane ke zato. Bakin ƙashin cinya da na ƙauri ake gyarawa, a rufe kowanne da ƙarfe, a saka roba mai tauri a tsakani, kuma aikin yakan ɗauki awa 1 zuwa 2. Da na tambayi ƙarkonta, ya ce wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Na ce masa to, ni da ita sai mu ga wanda zai riga gajiya.

Nas-nas ɗin da suka yi jinyata, Allah Ya saka muku. Kun sha mita a wurina kan safar nan mai matsewa da maganin hana gudan jini, ba ku taɓa ɗaure mini fuska ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa ba ciwon ɗinki ba ne. Ranar da aka fara tsayar da ni, ina sauke ƙafa ƙasa na ji ta dama ta fi ta hagu tsawo. Ƙuguna ya karkace, ina taku ina jan ƙafa, daga baya ƙasan bayana ya soma ciwo. Na koma gida da wannan damuwa, masu zuwa dubiya kuma kowa da tasa. Wannan ya ce likita ya sa mini gwiwar da ta fi ƙarfina, wancan ya ce maza in kai takalmin hagu a ƙara masa tudu, wani har ƙara ya ce in kai. Na san duk ƙauna ce ta sa, kuma na gode, amma kwanakin nan ban yi barcin kirki ba.

A nan ne zan daɗe, don wadda ta fitar da ni daga wannan ruɗani ita ce likitar motsa gaɓoɓi, fisiyo ɗin da aka haɗa ni da ita, yarinya sa'ar 'yata. Ba ta ce mini zato nake ba, ba ta kuma tsorata ni ba. Kwantar da ni ta yi rigingine, ta ɗauko tef, ta auna daga ƙashin ƙugu na gaba zuwa idon sawu na ciki, dama da hagu. Sannan ta tsayar da ni, tana jera siraran katakai a ƙarƙashin ƙafar hagu har ƙugun ya daidaita. Bambancin bai kai santimita 1 ba, alhali ni da aka tambaye ni, da na rantse ya kai faɗin yatsu uku.

Ta ce mini, "Baba, ba ƙafa aka ƙara maka ba, tsawonka aka mayar maka." Lanƙwasasshiyar ƙafa ta fi miƙaƙƙiya gajarta, guringuntsin da ya cinye ma ya tafi da 'yan milimitoci. Da aka miƙar da ta dama aka cike gurbin, ta koma yadda take tun asali, ita kuwa ta hagu tana nan da nata amosanin da lanƙwasarta. Ga shi ƙugu da baya da jijiyoyi sun yi shekaru suna bin karkatacciyar tafiya, ba za su saki rana ɗaya ba. A bakinta na fara jin cewa bambancin iri biyu ne. Akwai na ƙashi, wanda awo da hoton ƙashi da aka ɗauka a tsaye ke nunawa, akwai kuma wanda jiki ke ji saboda kumburi, taurin nama da karkatar ƙugu. Wasu ma akasin nawa ke samunsu, idan sabuwar gwiwar ta ƙi miƙewa sosai sai su ji ƙafar ta gajarta. Shi ya sa ta hana ni sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, ta ce a ƙarƙashin diddige zan sa, nauyin ƙafar ya riƙa miƙar da ita. Zafi kam akwai shi, ba na ɓoye muku.

Maganar takalmi ta ce in dakata. Irin wannan ji yakan ragu cikin wata 3 zuwa 6, kuma wanda ya yi gaggawar ɗora tudu zai iya koya wa jikinsa wata sabuwar karkata. Idan bambancin ya zauna bayan nan, wajen santimita 1 ana iya cike shi da ɗan abin ɗaga diddige a cikin takalmi, in ya fi haka a ƙara a tafin takalmin ta waje, amma da awo, ba da ƙiyasin ido ba. Likita ma da na koma ya maimaita haka, ya ƙara da cewa mutane da yawa suna da 'yan milimitocin bambanci tun haihuwa ba su sani ba, kuma wannan kuka ya fi yawa wajen waɗanda aka yi wa aikin ƙugu. Ni dai a ganina da an gaya mini wannan kafin tiyata, da fargabar ba ta kai haka ba, kuma na faɗa masa, ya karɓa hannu biyu.

Na bi atisayen da ta ba ni, wata rana da son raina, wata rana da tilas. A hankali ɗingishin ya ragu, ciwon baya ya lafa, har na daina tuna wace ƙafa ce doguwar sai idan na yi doguwar tafiya. Malama, Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan magabata.

Uwargida, ke kika ga abin da ba wanda ya gani: tashin dare, ɗora ƙanƙara a kan kumburi, da fushin marar lafiya wanda ba shi da dalili. Na gode, Allah Ya bar zumunci. 'Ya'yana da suka raba kwana a asibiti, da ƙanena da ya riƙa kai ni wurin fisiyo yana jira a mota, da abokan aikina na da waɗanda suka taimaka ba tare da na roƙa ba, ban ambaci suna ba don na san ba za ku so ba. Allah Ya biya ku da mafificin alheri.

Saura gwiwar hagu. Likita ya ce idan lokacinta ya yi aka miƙar da ita, ana sa ran ɗan bambancin da ya rage zai daidaita. Za mu sake ɗaukar hoto a ganawa ta gaba kafin a tsayar da magana, don haka ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam.