Takardun gwajin jinin Inna

Zuwanmu na biyu Asibitin Malam Aminu Kano, ba a saka wa Inna maganin sankarar mama ba. Tun da asuba muka baro ƙauyenmu da ke bayan Ringim, acaba zuwa bakin titi, sannan mota. Likita ta duba takardar gwajin jini ta ce, "Mama, yau sai haƙuri, sojojin jikinki sun yi ƙasa. Ku dawo mako mai zuwa." Kuɗin motar mutum biyu ya tafi a banza, Inna kuwa har muka isa gida ba ta ce uffan ba.

Da muka koma na roƙi wata nas ta nuna min layukan da ake dubawa. Fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, musamman nau'in da ake kira niyutrofil, likitarmu tana son su kai 1,500 kafin a ɗaura ruwan kemo, wato maganin sankarar. Ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, 100,000. Sai PCV, wanda shi muke nufi idan muka ce jini ya sauka. Kemo ba ya bambance ƙwayar sankara da ɓargon da ke ƙera jini, duk abin da ke saurin hayayyafa yake bugewa. Shi ya sa daga kwana 7 zuwa 14 bayan magani jiki ya fi rauni, kafin ya farfaɗo a cika kwana 21.

Daga nan na sayi littafi da ma'aunin zafin jiki. Ana jibi tafiya sai mu yi gwajin a kusa da gida, in tura hoton takardar, a ce mu taho ko mu dakata. Daren da zafin Inna ya kai 38 ban tsaya neman farasitamol a kemis ba, muka nufi asibiti, domin zazzaɓi a waɗannan kwanaki ba na wasa ba ne.

Abin da ya fi ci min rai gwajin hanta ne. A zagaye na huɗu lambobin suka tashi. Da aka matsa da tambaya, ashe Gwaggo ce ke kawo sassaƙe a ɓoye, wai na ƙarin jini. Da zuciya ɗaya ta yi, na sani, amma hantar da ke fama da kemo aka ƙara wa kaya. Aka daina, lambobin suka sauko.

Akwai kuma CA 15-3, gwajin jini na alamar sankarar mama, da wani ɗan uwa ya ce lallai mu yi don a ga ko cutar ta mutu. Likita ta ce an fi amfani da shi ga wadda cutar ta bazu a jikinta, kuma yakan ɗan hau a farkon magani ko da maganin yana ci. Ƙullutun Inna da hannu da hoto ake auna shi. Kuɗin gwajin sai muka saya mata ƙwai da wake da kifi.

Littafin yana nan cikin jakar Inna. Ba ta karatun boko, amma duk ranar gwaji sai ta miƙo min shi ta ce, "Duba min sojojin nan, nawa suka kai yau?"