Na je Birmingham neman wasiƙun Schön

Daga tashar Euston ta Landan na hau jirgin ƙasa, kafin awa biyu mun iso Birmingham. Yayyafi ake yi, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Na sake kama ƙaramin jirgi zuwa jami'a, na gangara ɗakin adana takardu na Cadbury, inda aka killace takardun ƙungiyar mishan ta CMS. Tun a ƙofa aka raba ni da jaka da biro, fensir kawai aka yarda in shiga da shi.

Wasiƙun J. F. Schön suka kawo ni, limamin coci Bajamushe da ya hau kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841. Zazzaɓi ya kore su kafin su taka ƙasar Hausa, amma Hausar ta kama shi har tsufa: nahawu a 1862, ƙamus a 1876.

Safiya guda na kashe kafin idona ya saba da rubutun. Tawada ta koɗe, hannun kuma kamar tafiyar tsutsa.

Abin da ya hana mutanen nan barci shi ne haruffa. Da waɗanne za a rubuta harsunan Afirka? Henry Venn, sakataren CMS, yana Landan. Shehun malami Richard Lepsius yana Jami'ar Berlin, Max Müller yana Oxford, kowa da nasa tsarin. Limamai na da masu jin harsunan a hannu, malaman jami'a na da ka'ida, gidan waya ne ya haɗa su. Sun zauna a Landan a 1854, daga baya CMS ta rungumi tsarin Lepsius. Mai tambaya daga Saliyo kuwa sai ya ƙirga makonni kafin jirgin ruwa ya kawo amsa. Ni da nake ƙorafi in saƙona ya kwana ba a duba ba, sai na ji kunya.

Amma hankalina yana kan Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya zo da shi Ingila a 1855. Ya zauna gidan Schön, daga bakinsa aka kwashi labarai da tatsuniyoyi. Jami'ar Oxford ta ba Schön digirin girmamawa a 1884. Dorugu kuwa tuni ya koma gida, a Kano ya rasu a 1912.

Ina cikin wannan tunani ma'aikaciyar ɗakin ta matso, ta raɗa mini cewa saura minti goma a rufe. Na mayar da takardun yadda na same su, na fito na tarar ruwan ya ƙaru, ga shi na baro lemata a jirgi.