Ɗa'ifa: garin da hanci ke riga ido isa

Da muka kammala Umra a watan Afrilu, ni da ƙanwata muka ɗauki shatar mota daga Makka zuwa Ɗa'ifa. Hanyar Hada sai murɗiya take tana hawa dutse, birai jere a gefen titi suna jiran a jefa musu ayaba. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,800, don haka muna sauka sanyi ya sa na ƙara jan mayafi.

Lokacin tsinkar wardi muka tarar. A wata gona a Shafa, wani ƙauye a kan duwatsun wajen garin, mai kula da ita ya ji muna hira, sai ya ce, "Hajiya, sannunku da hanya." Ashe kakanninsa Hausawa ne da suka zo aikin Hajji suka zauna. Shi ya zaga da mu. Tun da asuba suke tsinka, domin rana na ɗagawa ƙamshin ya gudu. Sai a zuba furen cikin manyan tukwanen tagulla, tururin ya huce ya zama ruwan wardi, man ya taso sama. Fure sama da 10,000 ke ba da tola ɗaya na man, wato ma'aunin turare mai nauyin kusan giram 12.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsarin lambun baƙinsu. Wardin duk bai wuce ƙugu ba, an kafa kujeru ta inda iska ke kaɗowa, ga ɗoɗɗoya a bakin 'yar hanya, zane na gogarta sai ta saki ƙamshi. Ya ce da gangan suka raba su, kada wani ƙamshin ya danne wani. Ko makaho ya shigo zai san ina ya iso. Ni da nake haɗa humra da turaren wuta, ban taɓa ganin an lissafa iska haka ba. Mu a gida lambun shaƙatawa siminti ne da fenti, alhali muna da lalle mai furen da ke cika tsakar gida da daddare. Me ya hana a dasa shi inda jama'a ke zama?

Man wardin kuwa tsada! Tola ya haura Riyal 1,000, kuma mai shagon ko ɗaga kai bai yi ba da na taya. Ruwan wardi kawai na saya.

Da yamma muka leƙa lambun Rudaf, inda ake yin bikin wardi, cike da iyalai. Muka yi Magariba a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, muka kama hanyar Jidda.