Tanki ɗaya ya ƙafe muna sama

Jiya na dawo daga jihar Teksas ta Amurka, inda na je wa ƙanena ziyara, amma har yanzu in na rufe ido tarin injin nan nake ji.

Maƙwabcinsa, wani dattijon Bature, yana da ɗan jirgi ƙirar Piper Cherokee, mai kujera huɗu, cikinsa bai ma kai motar Kano zuwa Zariya girma ba. Ya ce mu zo mu raka shi cin abincin rana wani gari. Don cin abinci kawai a tashi jirgi! Kafin mu hau ya tsiyayo mai a ɗan kofi ya ɗaga yana dubawa ko da ruwa a ciki. Man shuɗi ne, galan guda kusan dala 6. Na lissafa da naira, na yi shiru.

Mun yi nisa, hira ta yi daɗi, yana nuna mana gonaki, sai injin ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Ƙanena ya damƙe min kafaɗa: "Yaya, yi salati!" Ai ni tuni na fara.

Ashe tanki biyu ne da jirgin, ɗaya a kowane fiffike, kuma ba ya shan su tare. Da hannu ake juya wani mabuɗi, dama ko hagu, kamar duk bayan rabin awa. Surutu ya mantar da dattijon. Na hagu ya ƙafe ƙaf, na dama cike. A gida in mai ya yanke wa ɗan acaɓa, ya kwantar da babur ya jijjiga, ko ya nemi 'yan bumburutu. A can sama wa zai miƙo maka jarka?

Dattijon ya sunkuyar da hancin jirgin, ya juya mabuɗin, ya kunna famfon mai. Injin ya kama, amma ya ce sai mun sauka an duba. Muka sauka a wani ƙaramin filin jirgi, ba hasumiya, ba ɗan sanda.

Wata tsohuwa ce kaɗai a ofishin. Ta ba mu kofi, ta miƙo makullin mota wai mu je mu ci abinci mu dawo da ita. Ko sunanmu ba ta tambaya ba. A garinmu da sai an kawo mai unguwa ya tsaya mana.

Naman ba laifi, sai tsada. Da yamma muka koma birnin Houston, inda muka taso. Agogo na riƙe, duk rabin awa ina taɓa dattijon a kafaɗa don ya juya mabuɗin.