Sana'ata a Garwa: rawar da yara ke ginawa da jikinsu

Ina da ƙaramin wurin koyar da rawa a Garwa, a ƙasar Kamaru. Ɗaki ne mai faɗi da muka shimfiɗe da leda mai kauri, sai rumfa a tsakar gida inda iyaye mata ke zama. Mu uku ne: ni, da makaɗi, da ƙanwata mai riƙe da rajista da ruwan sha. Yara muke ɗauka daga shekara 4 zuwa 8, aikinmu kuma rawar zamani ce ta dandamali, wadda ba ta da tsayayyen takun da aka gada. Daga motsin mai yin ta ake gina ta.

Babba za ka nuna masa taku, ka ƙirga, ya kwaikwaya. Ɗan shekara biyar kuwa, in ka tsaya gabansa kana "ɗaya, biyu, uku", kafin ka ankara ya koma wasa da yatsun ƙafarsa. Shi ya sa tambaya nake yi. "Wa ya taɓa ganin dorina tana fitowa daga Binuwai?" Nan take wani zai kwanta rub da ciki, ya ɗago kai a hankali, ya wage baki. Wata ta ce a'a Anti, kunne take fara kaɗawa, ta ɗora hannuwa a ka tana karkaɗa yatsu. Ni ina gefe ina tsinta. "Yauwa 'yata, sake yi mana, amma kamar kin ƙoshi." Sai sauran su ɗauka, mu haɗa da na wancan, mu maimaita har ya zauna. Makaɗin ma bin su yake yi: ya matse kalangu a hammata, in yaro ya miƙe sauti ya hau, in ya durƙusa ya sauka. Yaron da ya gane cewa ƙafarsa ce ke jan kiɗan, ba sai an ce masa ya nutsu ba.

Ba mu rasa abin ginawa a kai ba. A gaɗa, yarinya kan saki jiki ta faɗa baya ƙawayenta su tare ta su cilla. Langa kuma tsayuwa ce a ƙafa ɗaya. Manyan masu rawa suna shekaru suna koyon waɗannan biyun, yaranmu da su suka taso. Germaine Acogny ta Senegal, wadda ta kafa makarantar rawa ta École des Sables a garin Toubab Dialaw, daga raye-rayen Afirka ta Yamma ta gina salonta, har duniya ta karɓa. Wannan ya ƙara min ƙarfin gwiwa sosai.

Kuɗin wata na iyaye bai wuce ya biya haya ba. Cinikin gaske daga makarantu masu zaman kansu yake zuwa, sau biyu a shekara: bikin Ranar Matasa ta 11 ga Fabrairu, da bikin rufe shekara wajen watan Yuni. A nan ake ja-in-ja, don yawancin shugabannin makarantu layi suke so, kaya iri ɗaya, kowa ya ɗaga hannu lokaci guda. Nakan ba su wannan a farko da ƙarshe, tsakiya kuwa na yara ne, kuma ba na sassautawa.

Lokaci ma sai da dabara. Yammacin Laraba da safiyar Asabar muke aiki, don kada mu ci karo da Islamiyya. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, sai mu rage zaman zuwa rabin awa. Da azumi muna rufewa.

Iyaye maza da yawa in sun ji "rawa", abin da suke gani a waya ne ke zuwa musu, ban kuma ga laifinsu ba. Nakan ce, "Alhaji, ƙofa a buɗe take, a zo a gani." Dogon wando da riga mai hannu yara ke sawa, mai hijabi da hijabinta, kuma ba a ɗaukar bidiyon ɗan kowa sai da izinin gidansu. Umarni nakan ba da shi da Hausa, da Fulatanci, da Faransanci, gwargwadon wanda ke gabana.

Abin da ke gabanmu yanzu daɓe ne. Siminti na cin gwiwar yara ko da leda, musamman wajen tsalle. Na riga na yi magana da kafinta kan daɓen katako, in kuɗin Fabrairu ya shigo za mu fara da rabin ɗakin.