Ramin gwaji na uku da muka ƙi haƙawa

Ciko ne na hanya, tsawon mita 180, tudunsa mita biyu da rabi, a fadamar kogin Densu ƙasa da dam ɗin Weija, kusa da Accra a Ghana. Mun haƙa ramin gwaji biyu, ɗaya a kowane baki, duk suka nuna laka mita uku a kan yumɓu mai tauri. Na uku, na tsakiya, aka soke shi don rage kuɗi, ni kuma na sa hannu.

Cikon kansa ba laifi: shimfiɗar jiyotekstayil (yadin roba da ke raba ciko da laka), yashi santimita 50, sai jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa santimita 20, rola na bi har matsewar ta kai kashi 95. Muka ɗora ƙarin nauyi na ƙasa mita ɗaya don ya matse ruwan lakar, ya zauna wata huɗu. Farantan auna nitsewa ma a bakunan muka binne su, tunda can muka san ƙasar. Suka tsaya a santimita 18, muka kwashe nauyin, muka zuba kwalta.

Damina ɗaya ta tona asiri. Tsakiyar ta ƙara nitsewa kusan santimita 30, tsaga ta bi kafaɗar hanya a tsaye, kwalbatin da ke zaune a kan turaku kuwa bai motsa ba, sai ya zama dandamali, tipa na zuwa ta yi karo da shi. Da muka haƙa ramin nan da muka ƙi, sai ga tsohuwar hanyar kogi: baƙar laka mai ruɓaɓɓen ganye, mita takwas.

Lissafin ne ke ci mini rai har yanzu. Lokacin da laka ke ɗauka ta tsiyaye ruwanta ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinta. Kauri ya ninka biyu, lokaci ya ninka huɗu. Daga mita uku zuwa takwas kusan ninki bakwai ke nan, wato watanni huɗun namu sun koma sama da shekara biyu. Mun kwashe nauyi laka ko rabin tafiya ba ta yi ba.

Gyaran farko shirme ne: ƙarin kwalta don daidaita kwarin. Nauyi muka ƙara mata, cikin wata biyu kwarin ya dawo.

Na biyu ne ya tsaya. Muka kwashe ciko na mita 60 har zuwa kan yashi, muka kafa zirin magudanan roba har ƙasan lakar don ruwanta ya sami gajeriyar hanyar fita, tazarar mita 1.2, jeri mai kusurwa uku. Gefe da gefe muka yi dakali mai faɗin mita shida don kada ƙafar cikon ta zame. Muka mayar da ƙasa rabin mita-rabin mita, ba a ƙara hawa sai na'urar auna matsin ruwa ta sauka. Faranti kowace mita 20, awo kowane mako daga alama a kan kwalbatin. Dab da kwalbatin ba mu tara nauyi ba, don laka na iya ture turakun ta gefe; shimfiɗar kankare ta mita biyar muka zuba ta haɗa shi da cikon.

A wata na biyar awo ya kwanta. Da muka tashi lissafi, kuɗin gyaran zai haƙa ramin nan sau da yawa har ya yi saura.